Baƙon Baba Bara'u

"Ni tun ranar da na ji ya ɗauko kare na san akwai matsala," in ji Dakta Abdulsalam, yana yagar cinyar kaza. "Loneliness ne, kaɗaici. Haka ƙasar nan take yi wa tsofaffi."

"Wane irin loneliness? Zaman Turai ne ya yi masa yawa," in ji na kusa da shi. "Da idona na gan shi a park, da furfurarsa da komai, ya sunkuya yana kwashe kashin kare da leda."

A falon wani gida a Salford ake wannan hira, ranar suna, maza sun kewaye farantan shinkafa. Baba Bara'u ake nufi, dattijon Cheetham Hill da ke kwance a asibiti ciwon zuciya ya kayar da shi. Wani ya ce ai Baba ne ya tarbe shi a filin jirgi lokacin da ya zo karatu, a falonsa ya kwana har ya sami ɗaki. Wani ya ce tuwon marigayiya Hajiya Latifa, matar Baba, shi ne tuwon farko da ya ci a Ingila. Aka yi mata addu'a. Sannan aka koma kan karen.

"Da ma mai kyau ne ma. Baƙi wuluk, tsoho, ido ɗaya."

"Wallahi ina son in je gaishe shi, amma gidan ne. Ka shiga da alwala ka fito kana waswasi."

Sa'id yana cikinsu. Shi ne maƙwabcin Baba, bango ɗaya ya raba su, kuma mabuɗin gidan yana aljihunsa a lokacin. Ranar da motar asibiti ta zo, ana fitowa da dattijon a kan gado ya danƙa masa shi, ya ce, "Ka duba mini Baƙo." Sunan karen ke nan. Tun daga ranar Sa'id yake dubawa, irin dubawarsa. Yakan buɗe ƙofar kicin ta baya, ya zuba abinci a kwano, ya tura kwanon ciki da sandar goge ƙasa, ya bar ƙofar a buɗe karen ya fita lambu, shi kuma ya koma bayan shinge ya jira. Sau da yawa yakan tarar da abincin jiya kusan yadda ya bar shi. Bai sa abin a ransa ba.

Da can ba haka suke ba. Lokacin da Sa'id da matarsa Zinatu suka tare a layin, Baba Bara'u ne ya ƙwanƙwasa musu ƙofa ya ce shi a garinsu namiji ba ya cin abinci shi kaɗai, don haka za su riƙa ciyayya. Kullum da yamma Sa'id yakan ɗauki abin da Zinatu ta dafa ya shiga gidan Baba, a haɗa da na Hajiya Latifa a kan tabarma, su ci su biyu suna sauraron labaran gida a rediyo. Baba ya yi aiki a rumbunan kaya na unguwar har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ba mai yawan magana ba ne. Wani lokaci sai su gama cin abinci ba wanda ya ce uffan, ban da "ƙara mana" da "alhamdu lillahi".

Bayan rasuwar Hajiya abin ya fara tsinkewa. Aka canza wa Sa'id lokacin aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, yau ya zo, gobe bai zo ba. Gidan ma ya yi masa nauyi, shiru ya yi yawa. Ya riƙa cewa gobe, gobe. Ana haka wata rana ya leƙa ta taga ya ga Baba yana shigowa da kare a igiya. Daga nan sai ya sami dalilin da zai iya faɗa wa kowa, har da kansa. Zinatu ce kawai ba ta fasa ba, kullum takan miƙa kular abinci ta saman shinge.

Da aka sallamo Baba daga asibiti, ba don ya warke aka sallamo shi ba. Aka kafa masa gado a falon ƙasa, 'yarsa Firdausi ta zo daga Birmingham ta zauna da shi. Sa'id ya shiga dubiya da hantsi, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Shigo mana, Sa'idu. Ba ya cizo. Haƙoran ma sun ƙare, irin nawa."

Karen yana kwance a dokin ƙofar kicin, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, idon nan ɗaya yana kan gadon. Nan ce iyakarsa. Baba bai taɓa barinsa ya taka falon da yake salla ba, kuma karen ya sani. Sa'id ya zauna a gefen kujera yana tattare bakin rigarsa.

"Ya jikin, Baba?"

"Jiki ya gama nasa. Saura ni." Ya yi ɗan murmushi. "Ka san inda na samo wancan?"

"Na ji an ce shelter, gidan karnukan da ba su da masu su."

"Wani Bature da muka yi aiki tare na raka, zai ɗaukar wa jikarsa ɗan kwikwiyo. Muna shiga duk suka taso, haushi, tsalle, kowa yana tallan kansa. Shi wannan yana can ƙarshen layi, ya juya wa ƙofa baya yana kallon bango. Na tambayi yarinyar wurin, ta ce ya daɗe, ya gaji da tasowa. Masu zuwa ba sa tsayawa a kansa. Wai ya tsufa, ga ido ɗaya." Ya tsaya ya ja numfashi. "Na koma gida, na kasa mantawa da bayan nan nasa. Da sati ya zagayo na je na ce a ba ni shi."

Firdausi ta shigo da kofin kunu, ta gaida Sa'id, ta ajiye ta koma kicin. Ta tsallake karen ba tare da ta duba ƙasa ba, kamar wadda ta saba.

"Ina da roƙo, Sa'idu."

"Faɗi, Baba."

"Firdausi ba za ta iya ba, na san gidanta. In ta Allah ta kasance, kada a mayar da shi can. Ko ina ne, ban da can."

Sa'id ya saci kallon karen. Ba a taso da shi ya ce wa dattijo a'a ba, balle dattijon da ke kan gadon ajali. Ya sunkuyar da kai ya ce, "In sha Allahu, Baba."

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Wace iri? Irin ta tela ana gobe salla, ko ta gaske?"

Sa'id ya yi dariya duk da halin da ake ciki. "Ta gaske, Baba."

"To madalla." Ya lumshe ido. "Sha kunun nan, ni ba ya shiga."

Sa'id ya ce ya ƙoshi.

Ranar Talata da safe ne. Sa'id yana hutun aiki, suna karyawa da Zinatu, yara sun tafi makaranta. Sai suka ji wani sauti ta bango, ba haushi ba ne, wani dogon kuka ne ƙasa-ƙasa da ba su taɓa jin karen ya yi ba. Zinatu ta ajiye kofin shayinta a hankali ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Kafin su kai ƙofa Firdausi ta fito ba takalmi.

Baba ya tafi cikin sauƙi. Firdausi ta ce tana gyara masa matashi ya yi kalmar shahada, ya juya fuska, shi ke nan. Likita ya zo ya tabbatar, masu ɗaukar gawa na masallaci suka zo suka tafi da shi. Kafin azahar mijin Firdausi, Musbahu, ya iso daga Birmingham. Mutum ne mai tsari, yana shigowa ya fara lissafa abin da za a yi: a fitar da gadon, a wanke kafet, a aro tabarmi da manyan farantai. Ya tsaya a tsakiyar falo ya dubi ƙofar kicin.

"Yaya Sa'id, mutane za su fara zuwa da la'asar. Liman ma zai zo. Ba za a yi zaman makoki da kare a gida ba. Ka san mutanenmu, a ƙofa za su tsaya su yi gaisuwa su juya."

"Haka ne," in ji Sa'id.

"Mu kuma flat ɗinmu a Small Heath, landlord ya hana ko mage. Ga Hajiyata tana tare da mu. Ba ma maganar da za a fara ba ce." Ya juya ga matarsa. "Kina da lambar inda aka ɗauko shi?"

Firdausi ba mijinta ta duba ba. Sa'id ta duba, da jajayen idanu. Tana kicin ranar da aka yi alkawarin, kuma kicin ɗin ba shi da nisa. Sa'id ya tuna lambunsa, ya tuna Dakta Abdulsalam da cinyar kazarsa, ya ga kansa a park riƙe da leda.

"Na ɗan lokaci ne," ya ce, yana kallon kafet. "Kafin a tashi daga zaman. Sai mu ga yadda za a yi."

Firdausi ta ɗauko wayarta ta miƙa wa mijinta.

Karen bai yi gardama ba. Musbahu ya shimfiɗa kwali a bayan mota, ya buɗe, Baƙo ya hau da ƙyar saboda ƙafafun baya. Sa'id ya shiga gaba suka tafi tare. Gidan karnukan yana wajen gari, bayan wasu gonaki. Tun daga wurin ajiye motoci ake jin haushi. Wata ma'aikaciya mai suna Hana ta fito, tana ganin karen ta dafe baki. Ta san shi, ita ce ta miƙa wa Baba igiyarsa. Ta ce da Turanci dattijon yakan kawo shi lokaci-lokaci a bas don kawai su ga yadda ya yi ƙiba. Sa'id ya gaya mata ya rasu da safe. Ta yi ta'aziyya, ta durƙusa ta shafa kan karen, ta ja shi ciki. Sa'id ya bi su da ido ta tsakanin kejuna. Da aka buɗe masa nasa, Baƙo ya shiga, ya zagaya sau ɗaya, ya kwanta yana fuskantar bango.

Washegari aka yi jana'iza, aka yi jama'a sosai. Gidan Baba ya cika kamar zamanin Hajiya Latifa. Takalma suka taru har waje, motoci daga Salford da Birmingham suka tsare layin. Falon yana ƙamshin sabulun kafet da turaren wuta. Da yamma aka shigo da farantai, maza suka zauna huɗu-huɗu, biyar-biyar, hannuwa suna haɗuwa a cikin shinkafa.

"Allahu akbar, Baba mutumin kirki," in ji Dakta Abdulsalam. "Gidan nan ya ciyar da mu ba kaɗan ba."

"Ina abin nan yake?" wani ya tambaya a hankali.

"An mayar."

"Alhamdu lillahi. An kyauta."

Sa'id yana ta kai da kawo da butoci da ruwan sha. Kowa yana yaba masa, ana cewa maƙwabci na gari.

Bayan sadakar uku jama'a suka watse. Da hantsi Sa'id ya fita lambunsa ya tarar da Firdausi a nasu ɓangaren tana jera farantan da ta wanke a jikin shinge. Suka gaisa, ya ƙara yi mata ya haƙuri. Ta ce gobe za su koma Birmingham, council, hukumar da ke da gidan, za ta karɓe shi ƙarshen wata. Ta ci gaba da goge wani faranti da ya riga ya bushe.

"Matar shelter ta kira ni ɗazu."

"To?"

"Wai tun da aka kai shi bai sa komai a bakinsa ba. Ruwa kawai, shi ma kaɗan. Likitan dabbobi ya duba shi, ya ce a shekarunsa ba zai jima a haka ba. In ya ci gaba, gara su yi masa allura ya huta." Ta jingina farantin. "Na ce mata ba zai ci ba. Ba ciwo ba ne."

"Me ke nan?"

"Ba ya ci shi kaɗai, Yaya Sa'id. Baba ne ya saba masa." Ta faɗa ne a sanyaye, ba alamar zargi a muryarta. "Bayan Umma ta rasu, kular da Anti Zinatu take miƙowa, sau da yawa haka nake zuwa in tarar da ita a firij ba a taɓa ba. Ya rame har likitansa ya fara yi masa faɗa. Ya ce mini shi loma ba ta wuce masa in ba kowa a gabansa. Da ya kawo Baƙo sai ya mayar da tabarmarsa bakin ƙofar kicin. Shi daga ciki da kwanonsa, Baƙo daga can da nasa. Ba wanda yake farawa sai ɗaya ya zauna. A haka ya dawo da jikinsa."

Sa'id ya riƙe katakon shingen. Ya tuna kwanon da yake turawa da sanda, da abincin da yake tararwa ya bushe a ciki.

"Bai taɓa gaya mini ba," ya ce.

"Ai ka san Baba. Cewa yake kana da aiki."

Ya shiga gida ya sami Zinatu a kicin tana tuƙa tuwo. Ya tsaya a bayanta har ta juyo.

"Abban Shifa, lafiya ka tsaya mini a ka kamar mai bin bashin gaisuwa?"

Ya gaya mata duka, har da alkawarin, wanda bai taɓa faɗa mata ba. Ta ci gaba da tuƙi har ta gama, ta rufe tukunya.

"Ni dai ba zai shigo mini ɗaki ba. Kuma ba zan wanke masa kwano da soson kwanukana ba."

"Ban ce ya shigo ba."

"Ga shed can a lambu, ɗan ɗakin ajiyar nan, ba abin da ke ciki sai kekunan da yara suka daina hawa da injin yankan ciyawar da ka saya ba ka taɓa tayarwa ba. Ka sa masa heater saboda sanyi."

"Mutane fa, Zinatu? Kin ji abin da suke faɗa a kan Baba."

"Na ji. Na kuma ga yadda suka cinye shinkafar makokinsa." Ta ɗauko kula daga kan kanta. "Waɗanda za su daina zuwa, yaushe rabon da su zo? Miƙo mini leda."

Ta malmala tuwo biyu, ta zuba miyar kuka a ƙaramar kular, ta ɗaure su a jaka ta miƙa masa.

"Wannan kuma na mene ne? Ai ba ya cin tuwo."

"Naka ne, malam. Ba ka ji abin da yarinyar ta ce ba?"

Ya isa gidan karnukan bayan azahar, ana yayyafi. Hana ta gane shi. Ya ce mata ya zo ɗaukar karen, gidansa zai koma. Ta ce sai sun zo sun ga lambun tukuna, haka ƙa'idarsu take, amma za ta hanzarta. Damuwarta ita ce ko zai kai lokacin. Sa'id ya ɗaga jakar hannunsa ya ce yana son ta bar shi ya ci abincinsa a ciki. Ta dube shi, ta dubi farin kaftaninsa, ba ta tambayi dalili ba. Ta je ta zubo abincin karen a kwano ta wuce gaba.

Suka bi layin kejuna. Karnuka suka taso ta ko'ina suna haushi, suna dafa waya da ƙafafu, Sa'id ya matse hannuwansa a jiki yana tafiya a tsakiya. A na ƙarshe Baƙo yana kwance yadda ya bar shi, sai dai ƙasusuwan bayansa sun fito. Hana ta buɗe, ta ajiye kwanon, ta kira shi. Ko kunne bai motsa ba. Ta ce tana ofis in ana nemanta, ta tafi.

Sa'id ya tsaya a bakin kejin. Simintin a jiƙe yake, yana warin maganin wanke ƙasa. Ya nemi abin shimfiɗawa bai gani ba. Ya tattare kaftaninsa, sai kuma ya sake shi, ya zauna a dokin ƙofar ya tanƙwashe ƙafafu. Sanyin ƙasa ya ratsa shi. Ya wanke hannu da ruwan gora, ya buɗe kula, tururi ya tashi da ƙamshin daddawa. Ya jawo kwanon karen da hannunsa ya daidaita shi a gabansa, ɗan nesa kaɗan da nasa.

"Bismillah," ya ce.

Ya yanki loma ya kai baki. Da ƙyar ta wuce. Ya yanki ta biyu. Haushin sauran ya fara lafawa, ana jin yayyafi a kan rufin kwano. A loma ta uku ko ta huɗu kunnen Baƙo ya motsa. Can ya ɗago kai ya waiwayo da idon nan ɗaya, ya daɗe yana kallon mutumin da ke zaune. Sa'id bai kira shi ba, ya ci gaba da ci a hankali, kansa a ƙasa, yadda suke yi shi da Baba a da.

Karen ya miƙe, ƙafafun baya suna rawa. Ya tako har gaban kwanon ya shinshina, ya sake duban Sa'id, sannan ya sa baki.

Suka yi ta ci, ba mai kallon wani. Sa'id ya ga tuwon yana dishi-dishi a idonsa, ya goge fuska da bayan hannu. Ya gyara murya.

"Ka yi haƙuri, Baƙo," ya ce. "Baba, ka yafe mini. Na bar ka kana ci kai kaɗai."